Shekarar Da Aiki Ya Yi Mini Yawa a Khumra

Buhun farko da aka ba ni in ɗinke a Khumra, unguwar sito-sito ta Jidda, na sukari ne, kuma bai kai bakin mota ba ya buɗe. Ɗan dakon da ya ɗauka, wani dogon Basudane, ya saɓa shi a kafaɗa, ya yi 'yan taku, sai sukari ya tsiyayo masa ta wuyan riga har cikin wando. Da gumin Jidda kun san abin da sukari ke zama a jikin mutum. Bai zage ni ba. Ya ajiye buhun a gabana, ya kalli maigidana Baba Habu, ya tafi neman famfo.

Ina ba ku wannan labari ne, ku samarin da ke zama a ƙofar bagala, kantin nan na unguwa, bayan la'asar, don ina jin abin da kuke cewa in na wuce. Wai ɗinkin buhu ba sana'a ba ce, allura ce da zare, kowa ma zai iya. Wai kuma mu masu aikin awa mun more, ranar da muka so mu fita, ranar da ba mu so ba mu kwanta. Ba na jin haushinku. A nan aka haife ku, shinkafa a leda kuka san ta a kan kanta, ba ku san hannun da ta bi ba.

Baba Habu mutumin Damagaram ne. Ta ƙasa ya zo tun yana saurayi, ya ratso Sudan, ya tsallako teku. Ni kuwa umra ta kawo ni daga Gusau na ƙi komawa, wani ɗan garinmu ya kai ni wurinsa a siton shinkafa. Bayan abin da ya faru da buhun sukarin nan ya karɓe basillar, ya ba ni tsintsiya da rariya. Na daɗe ina share shinkafar da ta zube, ina tankaɗe ta, ina yanka masa zare. Tsawon zaren ma sai da ya koya mini: daga babban yatsa zuwa gwiwar hannu ake aunawa, a ninka gwargwadon faɗin buhun. In ya yi gajere za ka yi ƙulli a tsakiya, kuma ta wurin ƙullin nan buhu ke cin amanarka. In ya yi tsawo ya harɗe, ka tsaya warwara 'yan dako na jiranka.

Da ya maido mini da basilla, kalma ɗaya yake ta maimaitawa da Faransancinsu na Nijar.

"Dusuma, Isuhu. A hankali. Sauri zai zo da kansa."

Ga yadda ake yi. Ka girgiza buhun kayan su zauna. Ka naɗe bakin ciki sau biyu. Ka ɗaure kunne a gefe guda, domin nan ɗan dako zai kama. Sannan ka bi da ɗinki a karkace, kowane ɗinki ka ja shi da kafaɗa, ba da yatsu ba, in ba haka ba kafin azahar yatsun sun daina jin maganarka. Ka fitar da kunne na biyu, ka komo baya kaɗan ka kulle. Sukari yana son ɗinki kusa da kusa saboda gudu yake kamar ruwa. Sha'ir na dabbobi ana buɗa masa, tun da sauri ake so. Hel, wanda Larabawa ke sa wa gahawa, buhu biyu ne ciki da waje, in basillarka ta huda na cikin ƙamshin ya fita, mai kaya zai gane tun daga bakin ƙofa. Fulawa ba ta da wuyar ɗinki, ƙirji take ci. Tarin da kuke ji ina yi da safe nata ne.

Kayan aikina duka a jaka ɗaya suke. Basilla miƙaƙƙiya ta bakin buhu, da mai lanƙwasa ta faci, da guntuwar fata da ake ɗaurawa a tafin hannu don tura basilla, da ƙaramar wuƙa, da dunƙulen kaki na goge zare. Facin shi ne ainihin sana'ar. Buhu cike yana tsakiyar tari, ƙugiyar ɗan dako ta yage masa ciki, ba za a sauke na samansa ba. Sai ka kwanta a gefe, ka danna shinkafar ciki da hannu ɗaya, ka ɗinke da ɗayan ba tare da ka ga bakin basillar ba.

Akwai wani ɗan kasuwa mutumin Hadramaut da ba ya yarda da ido. In ya zo karɓar kaya sai ya nuna buhu ɗaya, ya sa a hau da shi can saman tari a sako shi ƙasa. In ya tsira a loda sauran. In ya fashe a kwance duka a sake, kuma ba a biyan na biyun. Mun yi shekaru muna tsinar mutumin nan a zuci, amma ɗinkina a wurinsa ya gyaru.

A lokacin albashin wata ake ba mu, ko jirgi ya zo ko bai zo ba. Na samu iƙama, takardar izinin zama, a hannun ɗan kwangilar da ke kai ma'aikata sito-sito, shi ne kafilina mai tsaya mini. Na auri Hajara, muka kama ɗaki biyu a unguwar Bani Malik, aka haifi Zulai. Da aka yi wani sassauci aka shigar da su cikin iƙamata. Irin wannan ƙofar ba kullum take buɗe wa lebura ba.

Sai makina ta zo, keken ɗinkin nan na hannu da ake ratayawa. Mutum ɗaya da ita yana rufe bakin buhunan da mu biyar muke rufewa. Faci ne kawai ba ta iya ba, da buhun algarara mai kauri. Ɗan kwangila bai kore mu ba, ya dai ce daga yanzu awa za a riƙa lissafawa. Ranar da kwantena ta iso da buhuna a yage, murakib, wato mai kula da ma'aikata, zai kira ka. Ranar da babu, ka zauna gida. Wannan shi ne 'yancin da kuke sha'awa. Ba kai ke zaɓen ranar ba, jirgin ruwa ke zaɓa, kai dai ka kwana da waya kusa da kai.

Ya kuma kafa wani sharaɗi. Kuɗin haya da yake ƙara mana, wanda ake kira badal, sai wanda awanninsa suka kai wani adadi a watan. In ka gaza ko da kaɗan ne, babu badal a wannan watan.

Wannan layi ɗaya ke nan. Na biyun ya zo ta wajen Zulai.

Da sikila aka haife ta. Wanda ke da mai wannan ciwo a gida ya san yadda yake: ana zaune lafiya, sanyi ya ɗan taɓa ta, sai ƙasusuwa su ɗauka, sai asibiti, wani lokaci har ƙarin jini. Baƙo kuwa da kuɗinsa yake shiga asibiti. Wata jam'iyyar taimako ta karɓi fayil ɗinta, suna ba ta magani duk wata, in ta kwanta su biya. Allah ya saka musu, sun riƙe mu shekaru. Amma su ma da nasu sharaɗin. Sau biyu a shekara za ka kai takardar ɗan kwangila mai nuna abin da ka samu a wata ukun da suka wuce. In ya haura iyakar da suka sa, kai ba mabukaci ba ne, sai a dakatar da kai har zagaye na gaba.

To kun ga inda nake. In awanni suka yi ƙasa, haya ta tafi. In suka yi sama, asibiti ya tafi. Tsakanin layukan biyu akwai ɗan fili, a cikinsa na yi shekaru ina tafiya. Duk ƙarshen wata Hajara za ta tambaye ni tana zuba mini shayi.

"Malam, wannan watan muna ina?"

"Muna tsakiya."

"Alhamdu lillahi."

In wata ya yi nisa na ga aiki ya yi yawa, sai in roƙi wani ya karɓi kirana na kwana ɗaya ko biyu. In ya yi ƙaranci in bi abokan aiki ina roƙon su bar mini nasu. Kowa a cikinmu yana da irin nasa lissafin, muna musayar ranaku kamar yadda mata ke ara wa juna gishiri. Murakib ɗinmu, Amm Salih, dattijo ne ɗan Yaman, ya san abin da muke yi, yana kau da kai muddin aiki bai tsaya ba.

Ranar da aka yi ambaliyar nan, wadda ta zo ana cikin aikin Hajji, ina gida. Ku kun tuna motoci a kan juna da mutanen da aka rasa. Ni abin da na gani da idona shi ne sitonmu bayan ruwa ya janye. A kwari aka gina shi. Ruwa ya shiga ya sha layukan ƙasa na kowane tari. Shinkafa in ta jiƙa kumbura take, ta fasa buhu, tarin ya karkace, na sama su zubo su ma su fashe. Wari kuwa kamar an jiƙa gero an manta da shi mako guda. Dole a raba busasshiya da jiƙaƙƙiya kafin ruɓa ta hau sama, a zuba a sabon buhu, a auna, a ɗinke. Wutar siton ta lalace, makina ba ta aiki. Rana ɗaya aka koma neman masu basilla, mu da aka kusa mantawa da mu.

Tun sallar asuba muke farawa, ba ma ajiyewa sai duhu ya hana ganin zare. Babu Juma'a, babu hutu. Fatar tafin hannuna ta huje na sake wata. Ban taɓa ɗinki irin na makonnin nan ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, da farko har daɗi na ji, an sake sanin amfaninmu.

Baba Habu a lokacin ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ba ya ɗinki. Ana barinsa ya zauna a kan buhu yana yanka mana zare. Shi ya kira ni wata rana muna cin abinci.

"Isuhu, wane wata ake duba takardun Zulai?"

Na ajiye burodin da ke hannuna. Wata mai kamawa ne.

Na sami Amm Salih a bakin sikeli, na ce masa ina son in huta sauran watan, ga dalili. Ya saurare ni har na gama, ya cire tabarau ya goge.

"Ya Yusuf, dubi wurin nan. Wa zan ba ranakunka? Kowa yana ciki har wuya. Ɗan kwangila ya ce duk wanda ya tafi yanzu kada in sake kiransa. Ba ni na faɗa ba."

"To rubuta mini rabin awannin a wata na gaba. Ba ƙari nake nema ba, jinkiri nake nema."

"Da aikinmu ne na kullum, da na yi maka, wallahi. Wannan masu inshora ne za su biya, kowace awa suna son ta a ranarta, da sa hannun mutuminsu. Ga shi can tsaye." Ya nuna mini wani mai riƙe da allo. Ya dafa kafaɗata. "Yalla, Allah karim."

Na koma na ɗauki basilla. In na tafi na rasa aikin da iƙamata ke rataye a kansa. In na zauna na san abin da takardar za ta nuna.

Ma'aikacin jam'iyyar da ke riƙe da fayil ɗinmu wani saurayi ne, Faisal, jikan Hausawa ne haifaffen nan, yana jin Hausa sarai amma in zai yi magana rabi Larabci ne. Ya karɓi takardar, ya duba, ya sake dubawa, ya danna na'urarsa.

"Ya Ammi, me ya faru? Ka haura. Ba kaɗan ba ma."

Na ba shi labarin ruwa da shinkafa. Na nuna masa hannuna.

"Wallahi na yarda da kai. Ni na san Zulai tun tana ƙarama. Bas nizam ne, tsari ne, wata uku ake haɗawa a raba. Na'ura ba ta san ambaliya ba."

"Wata ɗaya ne fa, ɗana. Ba zai sake dawowa ba."

Ya tashi ya shiga wurin shugabansu, ya daɗe. Da ya fito bai zauna ba.

"Ya ce masu jira suna da yawa, bana ma sun ƙaru saboda ruwan. In ya buɗe maka sai ya buɗe wa kowa. Ka dawo bayan wata shida, in sha Allah za ka shiga. Ka yi haƙuri, ya Ammi."

Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. A layin da na baro a waje akwai matan da gidajensu suka tafi gaba ɗaya.

Za ku ce ai na samu kuɗi a watan, me ya hana in biya da su. Na biya. Sanyin shekarar bai ƙare ba ciwon ya tashi, aka kwantar da ita a asibitin kuɗi, aka ƙara mata jini. Abin da na tara a makonnin ambaliya ya ƙare kafin a sallame ta.

Sannan aikin ya mutu. 'Yan kasuwa suka kwashe kayansu zuwa wasu sito da ke kan tudu, waɗanda ke hannun wani ɗan kwangilar daban. Namu aka rufe rabinsa ana gyara. Sai mako ya wuce an kira ni sau ɗaya. Babu wanda zan roƙa ya bar mini ranarsa, kowa neman ta yake. Awanni suka faɗi ƙasa da layi, badal ya tsaya. A watannin nan na zama mai kuɗi a wurin jam'iyya, na zama malalaci a wurin ɗan kwangila, ni kuwa ina zaune a ɗaki ina kallon waya. Na gwada wankin mota a Sharafiyya, yaran da ke wurin suka fi ni ƙafa. Mai gidan haya mutumin kirki ne, ya yi shiru wata biyu, a na uku ya fara gaishe ni a tsaitsaye.

Da ciwon ya sake tashi, a gida muka yi jinyarsa da ruwan ɗumi da ƙwayoyin kantin magani, har sai da maƙwabta suka haɗa abin da aka kai ta asibiti da shi. Bayan an dawo da ita Hajara ta same ni ina goge basillu da ba su yi tsatsa ba.

"Malam, na yi magana da Yaya a Gusau. Ya ce akwai ɗaki a gidansa, ba haya. Asibitin gwamnati na can suna da ranar masu sikila. Ba kamar nan ba ne, amma ba za a tambaye mu takardar awa ba."

"Saura wata uku a sake dubawa."

"In ciwon ya tashi gobe fa? Wa za mu sake roƙa?"

"Kin san in kuka fita ba za ku dawo ba. Lebura ba ya shigo da iyali."

"Na sani."

Zulai tana jin mu daga ɗaya ɗakin. A lokacin ta zama budurwa, ba ta taɓa taka Nijeriya ba, Hausarta irin taku ce. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta rame, idanun sun yi rawaya.

"Abuya, ni ban san kowa a can ba. Ko magana na yi dariya za su yi mini. Zan jure, wallahi zan jure, ba zan ƙara cewa a kai ni mustashfa ba."

Uwarta ce ta amsa mata. Abin da aka yi a gidan a makonnin da suka biyo baya ba na sana'a ba ne, na bar shi.

Kayansu ni na ɗaure. Amm Salih ya ba ni sababbin buhunan algarara, na sa akwatunan a ciki, na naɗe, na yi musu ɗinkin sukari, kusa da kusa, da kunne biyu-biyu don masu ɗauka su ji daɗi. Hajara ta ce da suka isa sai da aka nemo wuƙa, yayanta yana ta tambaya wane ne ya yi wannan aiki. Na saki ɗaki biyun, na koma Khumra cikin 'yan'uwa, mu shida a ɗaki. Baba Habu ya rasu a shekarar da ta biyo, a nan aka binne shi.

Zulai tana nan da ranta. Ciwon yana zuwa yana tafiya. Yanzu in ta kira ni Hausar Zamfara take yi mini, har tana gyara mini tawa. Sau biyu na je na gan ta.

Ba a fi wata biyu da tafiyarsu ba, ina zaune a inuwar wata tirela ina jiran ko za a buɗe kwantena, waya ta yi ƙara. Na ɗauka da sauri, na zaci Amm Salih ne. Faisal ne, muryarsa cike da murna.

"Ya Ammi, albishir! Ban jira ka zo ba, ni da kaina na nemi takardarka a wurin kafilinka. Ka sauko ƙasa sosai, ka cancanta, halas. Har ma an ƙara muku, saboda samunka ya yi ƙasa ƙwarai. Kawo Zulai ranar Asabar a sabunta mata kati."

Na ce masa Zulai tana Gusau, da bizar fita ta ƙarshe ta tafi.

 Ya yi salati a hankali. Ya tambaye ni ko akwai hanyar da za ta dawo, na ce babu. Na ce ya ba wani gurbin, akwai masu jira.

"To sai ka zo da kanka ka sa hannu a rufe fayil ɗin, ya Ammi. In ba ka sa ba, ba zan iya ba wani ba."

Na ce masa ba zan bar aiki in zo ba, sai ranar da ba a kira ni ba.

Washegari da safe na je.